Cizon Yaron Nan

Ɗana na fari mai cizo ne. Gara in faɗa da bakina, don duk wanda ya zauna unguwarmu a Dutsin-Ma a shekarun da ake ta shirin karɓar mulkin kai ya san da haka, wasu ma da shaida a jikinsu. Yana ɗan shekara uku da wani abu ya fara. Ba kuma cizon wasa ba, irin wanda sai an matse masa hanci kafin ya saki. Saboda cizon nan aka kusa raba ni da shi.

Ni 'yar Kurfi ce. Ina cikin 'yan matan da aka sa makarantar boko lokacin da mutane ke ɓoye nasu a rumbu, daga nan aka kai ni Katsina na koyi aikin malanta. Maigidana mutumin Tamawa ne, amma fataucin hatsi ya zaunar da shi Dutsin-Ma, gida ɗaya da yayansa. Tun kafin a ɗaura aure ya yarda zan yi aikina, kuma Allah Ya saka masa, bai taɓa tada maganar ba. Ni kaɗai ce mace a cikin malaman makarantarmu. Yawancin iyayen da suka bari 'ya'yansu mata na zuwa, don ina nan suka bari. Kowa ya san ranar da na ajiye alli, rabin ajin zai koma tallar fura.

Da safe, in na gama abin kari na shirya, sai in bar yaron wajen matar yayan mijina. Yaya nake ce mata, ita kuma Malama take ce mini, ko da faɗa muke. Mace ce mai haƙuri, ba ta fita ko nan da ƙofar gida, sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli. Tun hantsi tana gaban turmi ko gaban kasko, hannunta duk mai. Tana da 'yar autarta, sa'ar ɗana, wata ɗaya ne tsakaninsu. Tare suke wuni a tsakar gida, kwano ɗaya, tabarma ɗaya.

To ita 'yar autar nan, Allah na tuba, ban taɓa ganin rigima irin tata ba. Uwarta ba ta isa ta zaga bayan gida ba sai ta riƙe mata zane. In aka hana ta abu, sai ta zube ƙasa ta buɗe baki, kukan ya ƙi fitowa, ta ɗauke numfashi har leɓenta ya sauya, sai an watsa mata ruwa. Ga cin ƙasa. Bangon ɗakin Yaya duk ta ƙwaƙule shi daidai tsayinta. Amma in matan unguwa suka shigo sayen mai suka tarar da ita tana birgima, sai su yi dariya su ce shagwaɓar auta ce, za ta bari. Nawa kuwa, ko kwano ya ture, sai a kalli juna a ce ai dole, ɗan ma'aikaciya ne, uwa na can tana renon 'ya'yan wasu. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai. Wata rana na kasa haƙuri, na tambayi wata tsohuwa mai yawan faɗin haka, ita wannan da uwarta ba ta taɓa taka zaure ba, wane ofis aka bar ta aka tafi? Ta ɗauki kwalbar manta ta fita, ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata.

Ban ce ɗana salihi ba ne. Yana da kuka, yana da jifa, ya taɓa fasa wa Yaya tulu da taɓarya. Amma a lokacin bai wuce sauran yara ba.

Akwai abin da ya kamata 'yan yanzu su sani, don na ga ya fara ɓacewa. A wajenmu mace ba ta nuna ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ɗaukarsa ta rungume sai in nono za ta ba shi, shi ma ta juya baya. In yana kuka a gaban surukai, sai ta yi kamar ba ta ji ba, wani ya ɗauka. Dangin mijina kuwa asalinsu Fulani ne, ko da yake bakinsu ya koma Hausa, kunyarsu ta ninka tamu. Ni ma haka na tashi na gani. Uwata har ta koma ga Allah ban ji sunan yayanmu a bakinta ba, kuma ba wanda ya ce ba ta son shi. Don haka da na haihu ban tsaya wani tunani ba. In zan yi maganarsa in ce yaron nan. In da shi nake, in ce kai. Har alfahari nake, ana cewa duk da bokon Malama ba ta zubar da kunya ba. Son da nake masa kuwa, Allah ne shaida. In ya yi zazzaɓi ba na iya haɗiye tuwo, sai dai in aiki Yaya ta taɓa mini jikinsa ta gaya mini.

Ranar da abin ya soma, Yaya na tsakiyar suya, mai ya yi zafi ba ta iya tashi. Yaron ya sulale ta zaure ya bi hanyar da yake ganin ina bi. Makarantar ba nisa, ka wuce masallacin unguwa da wani fili da ake ɗaure jakuna, ka iso. An fita hutun ƙarfe tara ke nan. Ina ƙarƙashin itacen bedi da 'yan matana, suna gaɗa ina gyara musu layi. In kira wannan in ce ta matso, in kira waccan in ce ta daina tura 'yar'uwarta. Wata ƙarama ta faɗi ta kurje gwiwa, na ɗauke ta na ɗora a cinya, na share mata hawaye da bakin mayafina, ina kiran sunanta ina lallashi har ta yi dariya. Ɗago kan da zan yi, sai na gan shi tsaye jikin bangon aji, ba wando, ƙafafu duk ƙura, yana kallona. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

Gabana ya faɗi, don a hanyar nan manyan motoci na wucewa ranar kasuwa. Na so in ruga in sure shi. Amma ga hedimasta zaune a baranda da malamai maza biyu, duk sun san ɗana ne, duk sun san na fari ne. Sai na kawar da kai, na kira wata babba cikin 'yan ajin, yarinya mai hankali da kullum take rako ni gida da littattafai.

“Maida yaron nan gida,” na ce mata.

Ta je ta kama hannunsa. Bai yi kuka ba, bai yi gardama ba. Sun kai bakin filin sai muka ji ƙararta. Ya kafa mata haƙora a tsintsiyar hannu.

Daga ranar cizo ya zauna. Da farko na ɗauka kowa yake cizo, sai Yaya ta lura ta gaya mini cewa ita bai taɓa cizon ta ba, bai ciji 'yar autarta ba duk da ƙwacen da take masa, bai ciji almajiran babansa masu awon hatsi ba. 'Yan makaranta yake wa. Duk yarinyar da ta shigo gidan da littattafaina a ka, ko ta zo gaishe ni da yamma, sai ya laɓe bayan turmi, ta sunkuya ajiye kaya ya far mata. Na ji maganar Yaya, amma ban gane komai a ciki ba. Na ce ƙila farar rigar makarantar ce ba ya so.

Ba irin maganin da ba a yi ba. Babansa ya karɓo rubutu wajen wani malami a Karofi, aka wanke aka ba shi ya sha. Aka yi turare. Wata ta ce a shafa wa 'yan matan ruwan maɗaci a hannu, in ya ji ɗaci zai bari. Aka shafa, ya koma cizon ƙafa. Wata ta ce a rama masa, duk wanda ya ciza shi ma ya cije shi. Yaya ta ce ba a gidanta ba. Ni kaina na sha zane shi da tsumagiya, don duka kam kunya ba ta hana shi ba. Abin da ya fi ba ni haushi, in ina dukansa ba ya gudu. Sai ya tsaya yana kallon fuskata, kamar wanda aka kira shi hira.

Ana cikin haka ya yi wanda ya fi ƙarfin a rufe. 'Yar wani babban mai shago ce, ta kawo mini saƙo daga uwarta, ya cije ta a kunci har jini. Wurin ya kumbura, sai da aka kai ta asibiti aka wanke. Uban ya zo da kansa zaure ya sami maigidana. Bai ɗaga murya ba, ya ce dai shi ya ba da 'yarsa ne a koya mata karatu, in kuwa gidan malamar ya zama wurin da za a ɓata mata fuska, to zai san abin yi, kuma ba shi kaɗai ke wannan magana ba. Maigidana mutum ne da ba ya son hayaniya ko kaɗan. Da ya shigo ya zauna, sannan ya ce ya aika Tamawa a gaya wa Inna, wato mahaifiyarsa, ta zo ta ga abin da ya dace. Ina jin haka na san inda maganar za ta ƙare. Ɗan fari ai dama na kakanni ne, an bar mini shi ne kawai don Inna ta yi fama da ciwon ƙafa lokacin yaye.

Ana jiran zuwanta, wata rana da la'asar na dawo daga gaisuwar rashin lafiya a maƙwabta. Na shigo ban yi sallama da ƙarfi ba. Yaya na ɗaki tana salla. Sai na ji murya daga bayan rumbu, siririya, ana jan ƙarshen magana sama. Na tsaya, don muryar ta yi mini kama da wadda na sani. Ashe tawa ce ake kwaikwayo.

Na leƙa. Ya jera guntayen ƙwarya da duwatsu a ƙasa, layi biyu, ya zaunar da 'yar autar Yaya a gaba, ya yafa wani tsumma a kai, yana riƙe da kara. Yana nuna kowane dutse yana kiran sunan wata 'yar ajina. Sunayen daidai, har da yadda nake gutsure na wasu. Ya ce wa wannan ta matso, ya ce wa waccan ta yi shiru. Ya ɗauki wata guntuwar ƙwarya ya ɗora a cinya yana share ta da tsumman. Can da ya kai ƙarshen layi, sai ya gyara murya ya kira sunan kansa, da irin lallashin nan nawa. Ya yi maza ya jefar da karan, ya ruga ya zauna a ƙarshen layin, ya ɗaga hannu ya amsa. Ya tashi ya koma ya ɗauki kara, ya sake kira, ya sake rugawa ya amsa.

'Yar autar ta gaji da zama. Ta ce masa ai Malama ba ta kiran shi, shi ba ɗan makaranta ba ne.

“Ba ta san sunan ba ne,” ya ce. “Ba a gaya mata ba.”

Na koma da baya a hankali na shige ɗaki. Na zauna bakin gado. Ni da na kwana ina juya sunan nan a zuciya tun ranar da aka raɗa shi, ni ce ba a gaya wa ba. Na yi kuka ranar, kuka sosai, na tura mayafi a baki don kada Yaya ta ji.

Za a ce to me ya hana ki kira shi a ɗaki, ku biyu? Na gwada, wallahi na gwada. Washegari da safe ina saka masa riga, ba kowa, na buɗe baki. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya. Ji na yi kamar an ce in tuɓe zane a kasuwa. Abin da ya fito shi ne, kai, ɗaga hannu. Ya ɗaga. Na sake gwadawa da rana, na sake da yamma, duk ɗaya. Wanda bai tashi cikin abin nan ba zai ɗauka iyayi ne. Ba iyayi ba ne, harshen ne ke ƙi.

Inna ta iso ana gobe kasuwa. Doguwar tsohuwa ce, fara, ba ta da yawan magana, kuma ban taɓa jin ta zage ni ba. Tana sauke kaya ta jawo yaron tana masa wasan jika, wai ga mijinta rago da ba ya kawo cefane sai cizo. Ya yi ta dariya yana ɓoye fuska a jikinta. Bayan an ci abinci ta sa aka kira ni ɗakin Yaya. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Maigidana na tsaye a waje, yana ji.

Ta ce ta ji duk abin da ke faruwa, kuma ba ta ga laifin yaron ba. Yaro in ba uwa a gida, dole ya yi ta'adi. Ta ce abu biyu ne. Ko in ajiye aikin nan in zauna ɗakina kamar kowace mace, ko ta tafi da shi Tamawa, inda ga shanu ga fili ga 'yan'uwa, ba 'yan makarantar da zai ciza. In ya isa shiga allo a sa shi can. Ta ce ba ta tilasta mini ba, in zaɓa.

Ina da amsa cike da baki. Ina so in ce mata ga 'yar autar Yaya nan, uwarta na gida wuni zubur, me ya hana ta cin bango? Ina so in ce na san abin da ke damun yaron, kuma ba fitata ba ce. Ina so in ce in na bar aikin, 'yan matan nan sun tashi a banza, in kuma aka tafi da shi, ni na tashi a banza. Amma duk wannan roƙo ne a kan ɗan fari, a gaban uwar miji. Mace mai mutunci ba ta yi. Akwai amsa guda da aka koya mana, ita na bayar, kaina a ƙasa.

“Ai naku ne, Inna.”

Ta ce madalla, Allah Ya yi mini albarka, ta san dama ɗiyar mutanen kirki ce. Yaya ta kalle ni ta kawar da kai. Da muka fito wajen murhu ta ce mini a hankali, “Malama, kin kuwa san abin da kika yi?” Na ce mata ta bar ni. Ni na wanke masa 'yan rigunansa da hannuna, na shanya, na ƙulle a ɗankwali.

Da safe ƙofar gidanmu cike take, kamar kowace ranar kasuwa. Mutanen Makera da na Karofi sun kawo gero da wake a kan jakuna, ana saukewa ana awo. Yayan mijina na zaune kan buhu, ga dattawan unguwa biyu sun zo shan inuwa. Maigidana ya ɗaure kayan Inna a bayan keke zai raka su tasha su hau motar Kurfi, daga can a tarye su zuwa Tamawa. Ni na riga na shirya don makaranta, na yafa mayafi, na tsaya cikin zaure daga ciki, inda ake ganin waje ba a ganin mutum sosai. Yaya na bayana da 'yarta a goye.

An gaya wa yaron zai je ganin shanu. Na ɗauka zai yi birgima, ko ya ciji wani, har na so ya yi, ko a fasa tafiyar ranar. Bai yi ba. An sa masa sabuwar riga da 'yar hula, ya ba Inna hannu. Da za su fita ya ratsa ta gabana, ya ɗaga kai ya dube ni. Na dubi bango. Ya jira kaɗan, sannan Inna ta ja shi suka fita.

Na bi bayansu da ido. Yana tafe yana jan ƙafa cikin takalman da suka yi masa yawa, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Wannan rashin waiwayen shi ya tsorata ni. Na ga yaro ya gama yanke shawara, a shekarunsa, cewa ba abin da ya bari a baya. Na ga zai girma a Tamawa ya zama saurayi, ya riƙa zuwa gaishe ni da salla yana durƙusawa, a ransa kuwa ni matar nan ce da ta san sunan 'ya'yan kowa.

Ban san lokacin da na fito daga zauren ba. Na tsinci kaina a tsakiyar masu awo, na buɗe baki, sunan ya fito. Da muryar aji ya fito, wadda nake kiran yarinya da ita daga ƙarshen fili.

Awo ya tsaya. Wani ya saki bakin buhu gero ya zube. Yayan mijina ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi abin kunyar. Maigidana ya tsaya riƙe da keke, baki buɗe. Inna ta juyo a hankali.

Yaron ma ya juyo, amma ba ni ya duba ba. Ya dubi babansa. Ya leƙa zaure wajen Yaya. Ya dubi dattawan nan. Yana neman wanda ya kira shi, don bai san sunan da wannan murya ba. Sai na sake kira, a hankali wannan karon. Ya tsaya yana kallon bakina. Ya ɗora yatsa a ƙirji.

“Ni?”

“Kai mana. Da wa?”

Bai rugo ba. Ya ɗaga kai ya dubi kakarsa, don har yanzu tana riƙe da hannunsa. Inna ta kalle ni, ni kuma tun da na riga na zubar da kunyar, ban sunkuyar da kai ba. Hawaye na zuba, ga maza, ban share ba. Can ta ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, “Na haifi bakwai, ban taɓa yin abin ga ba.” Ta buɗe hannunta ta sake shi. Ta ce wa ɗanta ya kwance ƙullin yaron daga keke, su tafi kada mota ta tashi.

Ita kaɗai ta koma Tamawa. Na biya kuɗin abin da na yi, ba a rangwanta mini ba. A dangin mijina na zama Malama marar kunya, har yara ƙanana sun san labarin. Inna ta yi shekara biyu in ta zo ba ta cin abincin da na dafa, sai na Yaya. Maigidana ya yi kwanaki ba ya haɗa ido da ni, daga baya da kansa ya fara dariyar buhun geron da ya zube. Aiki kuwa ban bari ba. Cizon ma bai tsaya ranar ba, kada in yi ƙarya. Ya ƙara yi sau da dama kafin damina ta wuce, sannan ya yi ta raguwa har aka manta. Ita kuwa 'yar autar Yaya sai da ta shiga allo ta daina cin bango.

Amma yammacin ranar nan da na dawo daga makaranta, na ɗora tukunyar tuwo, sai na ga yaron ya tashi daga kusa da ni ya tafi can bakin zaure. Ya tsaya ya juya mini baya. Na ɗauka wani abu yake kallo. Yaya ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce jira yake. Na kira shi. Ya juyo da gudu ya zo ya tsaya gabana, ba ni da abin da zan aike shi, na ce ya miƙo mini muciya. Ya miƙo, ya koma bayan rumbu ya juya baya. Na kira, ya zo. Ya koma gindin turmi. Haka muka yi ta yi har aka kira magariba, ina talge ina kira, hayaƙi na shiga mini ido. Tuwon ranar da gudaji aka ci shi.